Shugaban Ƙasa a Ƙyauren Suruki

A tashar motar Bebeji babu wanda bai san Mainasara Fenta ba, don ko ba ka san fuskarsa ba ka san zakinsa. Shekara goma sha tara ke nan yana zana zaki a bayan manyan motoci, kuma har yau ba a samu direban da ya ce zaki ne tun kallon farko ba. Wasu su ce kyanwa ce ta ƙoshi, wasu su ce tunkiya ce aka ɓata wa rai. Shi kuwa cewa yake yi laifin idon direbobi ne, hayaƙin gas ya gama da shi.

Abin ya samo asali ne ranar da ya kai wa wani mai gidan abinci allo a Kano. Ruwa ya tsare shi, ya fake a wani zauren baje koli inda masu zane suka rataye hotunan shugabannin ƙasa kusa da tsofaffin kaya: takobi mai tsatsa, tsumman rigar yaƙi, anini da kwabo a cikin gilashi. Mutane masu tabarau suna tsayawa gaban kowanne suna gyaɗa kai. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ba mai ce wa masu zanen fenta. Malam ake ce musu, har wanda ko gemu bai tara ba.

A nan ya haɗu da Dakta Badiyya, 'yar Kiru ce da ke aiki a wani gidan tarihi. Kafin ruwa ya ɗauke ya gaya mata shi ma zai yi nasa bajen kolin a Bebeji ranar ɗaya ga Oktoba, kuma yana da abin da duk Kano ba ta da shi, wato ƙyauren wani gari da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye. Ta cire tabarau ta dube shi da kyau, ta ce ranar tana gida hutu, za ta zo. Abu ɗaya ya manta bai faɗa mata ba, ƙyauren ba nasa ba ne.

Da ya dawo ya zaunar da amininsa Ɗantani, ɗan acaɓa, a bakin shago.

"Ɗantani, na gano inda aka cuce ni. Ashe abin da ake kira fasahar zamani ba komai ba ne. Ka ajiye tsohon kaya, ka zana shugaban ƙasa a gefe, ka haɗe rai."

"To wane shugaban za ka zana?"

"Dukkansu, a jikin mutum ɗaya. Hular wannan, tabarau ɗin wancan, kafaɗar soja, babbar rigar farar hula. Zan ɗora shi a kan farin dokin nan na tambarin ƙasa, yana sare macijin rijiyar Daura da takobi, mikiya na shawagi a kansa."

"Shi macijin me ya yi wa gwamnati?"

"Kai dai acaɓa ka sani."

Ƙyauren na surukinsa ne, Baba Maikano, mahaifin matarsa Hasana, wanda ke zaune a wani ƙauye a bakin dam inda aka tsugunar da su. Tsohon katako ne baƙi, mai kauri, shi ne a ƙofar zauren dattijon. Shekarar da aka ce su tashi ruwa na zuwa, kowa ya kwashi hatsi da tukwane, shi kuwa ya ɗauko ƙyauren gidan ubansa a ka. Kafin ya ɗauka sai da ya shiga maƙabartar garin da wuƙa a hannu, duk kabarin da ya san na gidansu ne ya dawo ya yi masa tsaga ɗaya a jikin katakon. Tsaga ashirin da uku. Kaburburan yanzu suna ƙarƙashin ruwa, masunta na wucewa a kansu da kwalekwale, ƙyauren ne kaɗai ya rage ya san adadinsu.

Hasana ta ce, "Baban Rumaisa, ka nemi wani abin. Ko mu da ya haifa ba ma jingina da shi."

"Ke ba ki san darajar mijinki ba ce. Da kansa zai roƙe ni in ɗauka."

Bai roƙe shi ba. Mainasara ne ya tsuguna a zaure ya yi gaisuwa har sau uku, ya tambayi lafiyar jiki da ta gona da ta kifi, sannan ya shigo da maganar ta bayan gida. Dattijon ya miƙe ya ɗora yatsa a kan tsagogin, yana faɗin wannan ta wance ce, wannan ta wane. Mainasara yana ta "Allah sarki, Allah sarki," amma idonsa na auna ko ƙyauren zai shiga akori-kura, ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa ba.

"Zan ba ka," in ji Baba Maikano, "don yaran yanzu su san an taɓa yin gari a ƙarƙashin ruwan nan. Amma yadda ka ɗauke shi haka za ka dawo da shi. In ka taɓa shi, to ƙafarka da zaurena sun yi hannun riga."

"Haba Baba. Ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba."

Aka rataya asabari a ƙofar zaure, ƙyaure ya tafi Bebeji.

Sai farautar sauran kaya. A Badafi ta ƙasar Kiru shi da Ɗantani suka aro dutsen niƙa wajen wata tsohuwa, Iya Kulsumu, wadda ta ce kakarta ma gadonsa ta yi. Ɗantani ya ce babur ɗinsa ba zai ɗauki mutum biyu da dutse ba. Mainasara ya ce ai lissafin nauyi ilimi ne, in ya rungume dutsen a cinya nauyin na kansa, ba ya kan babur. Ba su yi nisa ba taya ta fashe, dutsen ya zame ya sauka a babban yatsan ƙafarsa. Daga ranar da silifas ɗaya yake yawo.

Suka wuce Tudun Wada suka nausa Doguwa, a gefen Falgore suka aro bindigar toka wajen wani maharbi, ta kakansa ce, ba ta ƙara tashi ba tun zamanin sulai. Mainasara ya rataya ta a kafaɗa, ya ce haka jarumai suke yi. A hanyar dawowa 'yan banga suka tare su a shinge.

"Malam, ina za ka da bindiga?"

"Ba bindiga ba ce, fasahar zamani ce."

"Sauko da ita mu ga fasahar."

Ya fara yi musu bayanin maciji da mikiya da shugaban ƙasa, suna ƙara matsowa kusa. Da suka ji ya ambaci shugaban ƙasa da bindiga a numfashi ɗaya sai suka zaunar da shi a benci. Sai da aka aika aka kira maharbin ya ba da shaida. Ko da hakan ba su sake shi ba sai da ya zana musu allon ofishinsu, tunda ya ce shi gwani ne. Ya zana musu zaki. Shugabansu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce madalla, dama kare shi ya dace da aikin gadi.

Da kaya suka haɗu a shago, Mainasara ya ja baya ya kalle su, ransa bai yi daɗi ba. Dutse ya yi furfura, bindiga ta yi tsatsa. A ce mace mai digiri uku ta taso ta zo kallon datti? Mutanen Kano ƙyuya ce ta sa suka bar nasu haka. Shi a sana'arsa ba a fitar da mota sai tana sheƙi. Ya ɗauko buroshi ya yi wa dutsen kore, fari, kore. Bindiga ta sha ruwan azurfa tun daga baki har gindi. Ƙyaure kawai ya bari a jingine, yana wucewa yana kau da kai.

Zanen kansa a kan faffaɗan katakon silin ya fara shi. Da yake bai iya zana mutum daga ka ba, sai ya ɗora Ɗantani a kan babur cikin aron babbar riga, ya ba shi taɓarya ya ɗaga a matsayin takobi. Kwana uku Ɗantani na ɗage da taɓarya, fasinjoji na wucewa da wasu.

"Hannuna ya mutu, Mainasara."

"Haka mulki yake. Ɗaga."

Saura kwana biyu, ruwan bankwana na damina ya sauko da rana tsaka, lokacin Mainasara na masallaci. Rufin shagon dama ya daɗe yana neman dalili. Kafin ya dawo katakon silin ya sha ruwa ya kumbura, ya ɓare falle-falle kamar gurasa. Shugaban ƙasa ya narke ya gangara kwata.

Ya zauna a kan galan ɗin fenti ya yi tagumi. An riga an gayyaci mai unguwa, an yi shela a kasuwa, Dakta ta aiko da saƙon tana nan tafe. Duk Bebeji ba wani faffaɗan katako da zai bushe kafin jibi. Ya ɗaga kai, sai idonsa ya sauka kan ƙyaure, a tsaye a lungun da ba ya yoyo, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

"Kada ka fara," in ji Ɗantani.

"Ka san me ake kira tarihi a kan tarihi?"

"Na san me ake kira suruki."

"Gyara zan yi masa. Dubi yadda gara ta tsattsaga shi, har wuri ashirin da wani abu. Tsohon nan kunya ce ta hana shi ya ce in gyara. In ya ga yadda zai koma, sai ya ƙara mini mata."

Ɗantani ya ce wanda bai ji bari ba zai ji hoho, ya tayar da babur ɗinsa ya tafi.

Mainasara ya kwaɓa fotin da ake cike lotsewar mota da shi, ya bi tsagogin ɗaya bayan ɗaya ya cike, ya goge da samfefa. Can ƙasa ta hagu akwai wani ƙulli a katakon da ya ƙi lafawa, ya aro injin gurza wajen masu gyaran jikin mota ya ci wurin har ya yi sumul. Ya zuba farin fenti, ya bi da zane, ya laɓta shi da kauri don ya yi sheƙi. Da Hasana ta kawo masa abinci ta leƙa ta ce ina ƙyauren Baba, ya tare ƙofa da jikinsa ya ce yana ciki yana hutawa.

Ranar ɗaya ga Oktoba aka kafa rumfa a gefen tasha. Direbobi suka zo, masunta suka zo daga bakin dam, mata suka tsaya daga baya. Mai unguwa ya zauna a kujerar gaba, Dakta Badiyya a gefensa da ɗan littafi a hannu. Ɗantani ya ɗauko Baba Maikano a babur, aka ba shi kujera. Mainasara ya fito da jar hula irin ta masu zanen Kano da silifas ɗaya. Babban zanen na tsaye a tsakiya, lulluɓe da zanin gadon Hasana.

Ya yi jawabin da ya kai rabin awa. Ya ce daga yau Bebeji ta shiga taswirar duniya, kuma duk wanda ya ƙara ce masa fenta su haɗu a lahira. Sannan ya roƙi mai unguwa ya yaye.

Mai unguwa ya ja zani, zani ya ƙi. Fentin bai bushe ba. Ya ƙara ja da hannu biyu, zanin ya taho da rabin babbar rigar shugaban ƙasa da ƙafar doki guda. Sai wani direba daga baya ya ce, "Kai! Ɗantani ne!"

Shi ne kuwa, har da tabon ƙunar salansar babur a gwiwar hannu. Rumfa ta kaure da dariya. 'Yan acaɓa suka fara "Ranka ya daɗe, a rage mana kuɗin fetur!" Wani ya tambaya me ya sa Ɗantani ke kan tunkiya. Masunta suka matso suka duba macijin, suka yi shawara a tsakaninsu, suka ce tarwaɗa ce, kuma ba ta kai a kama ba. Mikiya kuwa ba wanda ya yi gardama a kanta, kowa ya yarda zabuwa ce.

Iya Kulsumu ta kutso ta tsaya a kan dutsenta.

"Ɗan nan, wa ya sa wa dutsena riga?"

"Iya, tutar ƙasa ce."

"To tutar zan niƙa? Jikokina su ci tuwo mai warin mota?"

Maharbin Falgore ya ɗaga bindigar kakansa, rana ta haska ta har mai unguwa ya kare ido. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce yanzu ko makauniyar gada za ta hango shi daga Tudun Wada.

Dakta Badiyya ta rufe littafinta ba ta rubuta komai ba.

"Malam Mainasara," ta ce. Karo na farko ke nan da aka kira shi Malam, har ya gyara hula. "Ni ƙyauren na zo gani. Yana ina?"

"Ai ga shi a gabanki, Dakta. Na fito da shi ne."

Ta kalli zanen. Ta zagaya bayansa ta ga baƙin katako, ta dawo ta zauna a hankali. Daga cikin mata aka ji Hasana ta yi salati.

Dariyar ta mutu da kanta, don masuntan nan duk sun san ƙyauren. Baba Maikano ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya zo ya ɗora tafin hannu a kan fentin, ya shafa daga sama zuwa ƙasa, ko'ina sumul. Mainasara ya so a ce zaginsa ya yi, amma dattijon ko murya bai ɗaga ba. Ya ce a kawo masa kujerarsa nan kusa, a samo fasasshiyar kwalba. Aka samo, ya miƙa wa surukinsa.

"Fara daga sama, ta dama. Innata na nan a ƙarƙashin hular."

Mainasara ya tsuguna ya fara kankara. Hular shugaban ƙasa ta tafi, foti ya ɓantare, tsaga ta fito. Baba Maikano ya faɗi sunanta, rumfa ta amsa da Allah ya jiƙanta. A ƙarƙashin tabarau aka samu ubansa da ƙanen ubansa. A kafaɗar soja aka samu 'yan'uwansa uku da ƙyanda ta ɗauke a wata ɗaya. Ba wanda ya tashi, har waɗanda suka zo dariya suka nemi wuri suka zauna. Wani tsohon masunci ya ji sunan goggonsa ya share ido da hularsa. Dakta ta buɗe littafi tana rubuta sunayen. Mainasara, gumi na ɗiga, yatsu sun yanke, ya samu sarari ya raɗa wa Ɗantani cewa ko a Kano ba a yi cikar da aka yi nan ba.

La'asar ta yi, aka je aka yi salla aka dawo. Doki ya tafi, tarwaɗa ta tafi. Aka kai ƙasa ta hagu.

"Ashirin da biyu," in ji Baba Maikano. "Saura ɗaya."

Mainasara ya kankare wurin, ya ƙara kankarewa. Babu foti, babu tsaga, sai farin katako mai santsi inda injin gurza ya ci.

"Nan take," in ji dattijon. "Ƙarama ce, ban zurfafa ta ba. Ɗana ne na fari. Kwana biyar ya yi, ko suna ba a raɗa masa ba. Ba mai tuna shi sai ni da wurin nan."

Mainasara ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tunda aka haife shi. Amma hali zanen dutse ne. Ya zaro 'yar wuƙarsa ta feƙe fensir.

"Baba, bari in sake yanka ta. Wallahi sai ta fi ta da kyau."

Dattijon ya riƙe masa wuyan hannu, riƙon da ba a zaci ɗan shekara tamanin na da shi ba.

"Mayar da wuƙarka. Ruwa bai ci ta ba, gara ba ta ci ta ba, shekara hamsin." Ya sake shi. "Ɗauki. A ka na kawo shi, a ka za ka mayar."

Aka naɗa masa gammo da zanin gadon da ya lalace, aka ɗora masa ƙyaure. Ɗantani ya ɗauki Baba Maikano a babur yana tafiya a hankali, Mainasara na biye da silifas ɗaya. Masunta suka bi bayansu suna tura kekunansu. Hasana ta riga su a mota, ba ta ko kalli inda mijinta yake ba.

Rana ta yi ja kafin su isa. Aka cire asabari. Mainasara ya sauke ƙyauren, wuyansa ya ƙi juyawa, ya kama aka mayar da shi mazauninsa. Baba Maikano ya gwada shi sau biyu, ya ga yana buɗuwa yana rufuwa. Ya yi wa masunta godiya ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa Ɗantani godiya, ya sa masa albarka. Sannan ya shiga zaure, ya tura ƙyauren, aka ji saukar sakata.

Mainasara ya tsaya a waje. Ya gyara jar hularsa, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya yi sallama.

Aka amsa daga ciki, don amsa sallama wajibi ne. Amma ba a buɗe ba.